Haƙƙin Malamin da Ba Ya Ɗaga Murya

'Yan'uwa malamai, duk wanda ya saba halartar taron ƙungiyarmu, a Birnin Kudu ne ko a Gwaram, ya san yadda zaman yake kasancewa. Akwai mutum biyar ko shida da kowa ya san muryarsu. Su ne masu ɗaga hannu, su ne masu gyara wa shugaba zance, kuma su ne ake tafa wa. Allah ya saka musu da alheri, domin ba don irinsu ba da haƙƙoƙinmu da yawa sun salwanta. Amma a can kujerun baya akwai wani malami da ya zo tun kafin a buɗe taro da addu'a, ya zauna da ɗan littafinsa, ya rubuta abin da aka faɗa, ya tashi ya tafi ba tare da ya ce uffan ba. Idan aka zo ƙirga ra'ayoyi sai a ce bai da matsala. A kan wannan malamin nake son yin magana, domin ina ganin muna cin bashinsa shekara da shekaru, kuma abin da za a biya shi da shi bai taka kara ya karya ba.

Kowace makaranta tana da irinsa, namiji ko mace. Shi ne yake riga kowa isowa. Littafin shirin darasinsa a cike yake, rajistar ajinsa babu gibi, kuma ya san inda takardar da ta ɓace wa kowa take. Ba ya zaman hira a gindin bishiya idan an fita tara. Idan ka tambaye shi abu yakan ɗan yi jim kafin ya amsa, amsar kuma gajera ce, ba ƙari ba ragi. Ya fi son a nuna masa yadda abu yake aiki a kan a yi masa dogon bayani. Ba ya son a sauya masa shiri bagatatan. Hausawa suna da sunaye da yawa ga mai wannan hali. Masu yabo su ce mai kawaici ne, mai nutsuwa, mai tsari. Masu zargi su ce miskili ne, ko mai girman kai, ko ba ya shiga mutane.

Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe suna nazarin wannan bambanci. A 1921 wani likita ɗan ƙasar Siwizalan mai suna Carl Jung ya wallafa littafi inda ya bambance mutanen da hankalinsu ya fi karkata zuwa waje, ga jama'a da hada-hada, da waɗanda nasu ya fi karkata zuwa ciki, ga tunani da kaɗaici. Daga baya wasu mata biyu a Amurka, Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers, suka gina wani gwaji a kan wannan tunani wanda ya kasa mutane gida 16, kuma ɗaya daga cikin gidajen shi ne na mai shiru, mai aiki da zahiri, mai son tsari. Masana da dama suna sukar wannan gwaji, har suna nuna cewa mutum ɗaya yakan faɗa gida daban idan ya sake yin sa. Ni ma ba na kiran kowa ya rataya wa abokin aikinsa lamba. Abin da babu gardama a kansa shi ne mutane sun bambanta: wani taro ne ke ƙara masa kuzari, wani kuma taro ne ke zuƙe masa shi.

Mu a nan ba ma buƙatar a zo daga Turai a gaya mana haka. Mun gaji karin maganar da ke cewa hali zanen dutse ne, kuma babu wanda ya fi mutumin Birnin Kudu sanin ma'anarta, tunda zanen shanun da ke jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude yana nan tun kafin kakannin kakanninmu, damina da rani sun wuce ta kansa bai gushe ba. Fulanin da muke zaune tare da su, daga Kantoga har Basirka, sun ɗauki kunya da haƙuri da hankali a matsayin ginshiƙan fulaku. Shi ma Baturen nan Anthony Kirk-Greene, da ya yi nazari a kan wanda Bahaushe ke kira mutumin kirki a 1974, gaskiya da amana da haƙuri da hankali da kunya da ladabi suna cikin abin da ya lissafo. Yawan magana ba ya ciki. Ashe a al'adance mai kawaici mutum ne mai daraja. A wurin aiki ne muka mayar da shi saniyar ware, domin a nan wanda ya fi ɗaga murya shi ake fara saurara.

Na yi aiki shekaru da wani malami mai irin wannan hali a wata firamare da ba sai na ambaci sunanta ba. Shi ke riƙe da rajistar shigar yara, shi ke haɗa sakamakon gwaje-gwajen zango, shi ke cike takardun ƙidayar makarantu ta shekara-shekara, duk a kan darussansa na aji. Ba wanda ya naɗa shi. An dai lura ba ya kuskure kuma ba ya musu, sai kaya suka yi ta taruwa a kansa. Duk ranar da masu duba makarantu suka zo, littattafansa ake shimfiɗawa a kan tebur, wani kuma ya tsaya ya yi jawabi a yaba masa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wata ranar Lahadi da daddare aka sanar da shi ta waya cewa an mayar da shi wata makaranta mai nisa, kuma ana son ganinsa can da safe. Bai ce komai ba. Ya kwana yana jera takardun da zai miƙa, ya rubuta wa wanda zai gaje shi inda kowane aji ya tsaya. Bayan tafiyarsa da mako uku muka kasa fitar da sakamakon yara a kan lokaci. Ranar ce muka san abin da muke da shi. Ni da nake wakilin ƙungiya a makarantar ban taɓa tambayarsa ko yana da damuwa ba, domin bai taɓa kawo ƙara ba. Wannan laifina ne, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami.

To, mene ne irin wannan mutum yake buƙata a rayuwarsa ta yau da kullum? Abu na farko shi ne a sanar da shi da wuri. Mai tsari yakan gina makonsa tun daga daren Lahadi: ya san darasin da zai koyar ranar Laraba, ya san ranar da zai duba littattafan yara, ya san ranar da zai leƙa gona ko ya je kasuwar Sara. Idan aka ce masa da ƙarfe goma na safe ya bar ajinsa ya tafi bita, ko aka sauya jadawalin darussa a tsakiyar zango ba tare da dalili ba, mai son hira zai ɗauka hutu ya samu, shi kuwa ginin mako guda aka rushe masa. Sauyin wurin aiki ya fi komai tsanani. Malamin da ke zaune a Sundimina aka tura shi Fagam yana da gidan haya da zai nema, da 'ya'yan da zai sauya wa makaranta, da kuɗin mai da zai lissafa. Babu mai cewa kada hukuma ta sauya wa ma'aikacinta wuri. Abin da muke cewa shi ne takardar ta fito a lokacin hutu, da tazarar da mutum zai kintsa.

Na biyu, a ba shi magana a rubuce. Yanzu umarni da yawa yana zuwa ne ta saƙon murya a dandalin WhatsApp, a tsakiyar gaisuwar Juma'a da hotunan biki, wani lokaci bayan sallar isha'i. Wanda ba ya bin hirar dandali sai ya wayi gari an ce ya saɓa umarni. Irin wannan malami yana son ya ga abin da ake so, da ranar da ake so, da sa hannun mai so. Wasu suna ɗaukar wannan taurin kai ne. Alhali kariya ce gare mu duka. Dokar tarayya ta 2022 ta kai shekarun ritayar malami zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki. Shekara arba'in kuwa takardu ne: ta ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma, ta rajista da Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa wadda aka kafa a 1993. Duk wanda ya taɓa raka dattijo neman haƙƙinsa na fansho ya san cewa ranar nan baki ba ya fitar da kowa, fayil ne ke fitarwa.

Na uku, a bar masa ɗan lokaci na shiru. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma kowa a cikinmu ya san ajin da yawan yaransa ya ninka haka. Mutumin da hayaniya ke gajiyar da shi, ya tsaya gaban irin wannan aji tun safe har azahar, ya ba da duk abin da yake da shi. Idan ya keɓe a lokacin tara yana duba littattafai, ba gudun abokan aiki yake yi ba, numfashi yake mayarwa domin ya iya shiga aji na gaba da fara'a. Tebur ɗaya a lungun ofishin malamai, ko wani aji da babu kowa a ciki, inda aka san ba a kunna rediyo kuma ba a gardamar ƙwallo ko siyasa, ya ishe shi. Wannan ba ya buƙatar kasafin kuɗi daga Dutse. Shugaban makaranta zai iya yin sa gobe da safe.

Na huɗu, albashi a kan ranarsa da lissafi a fili. Wannan buƙatar kowa ce, amma ta fi cin mai tsari, domin shi ba ya iya roƙo. Wani idan wata ya yi nisa zai zagaya majalisa uku ya samo rance da raha. Shi kuwa ya riga ya kasa albashinsa tun kafin ya shigo: na hatsi, na makarantar yara, na taki, na adashi. Jinkirin kwana biyar, ko ragin da ba a yi bayaninsa ba, yana hana shi barci, kuma ba zai gaya wa kowa ba. Tun da aka sa hannu a kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a 2024, lissafin matakan albashi ya ƙara zama abin da kowane malami ke son gani dalla-dalla. Aikin ƙungiya ne ta tabbatar kowa ya san abin da ya shigo, da abin da aka cire, da dalilin cirewa, ba tare da sai ya je ya yi ta sallama a ƙofar ofis ba.

Na biyar, kuma shi ne ya fi muhimmanci, a auna shi da aikinsa. Idan za a zaɓi wanda zai je bita, ko wanda za a ba mataimakin shugaban makaranta, ko wanda za a karrama ranar 5 ga Oktoba da ake bikin Ranar Malamai ta Duniya, wa muke tunawa? Wanda muke gani kullum, wanda ya iya gaisuwa, wanda ya san hanyar ofis. Mai kawaici ba zai je ya tallata kansa ba, domin a wurinsa hakan abin kunya ne. Idan ma'aunin ya zama sananne, wato zuwa aiki a kan lokaci, da cikar littattafai, da ci gaban yara a karatu da lissafi, to zai samu rabonsa ba tare da ya sauya halinsa ba. Idan kuwa ma'aunin ya zama iya shiga da fita, to muna koya wa ƙananan malamai cewa aiki ba shi ne hanya ba.

Na san akwai masu cewa koyarwa sana'ar magana ce, wanda ba ya son jama'a me ya kawo shi aji? Amsa ita ce shiru a majalisa daban, iya bayani a gaban allo daban. Da yawa daga cikin malaman da suka koya mana lissafi har ya zauna ba masu surutu ba ne, masu bin mataki ne ɗaya bayan ɗaya. Wasu kuma za su ce zumunci wajibi ne, mutum ba ya rayuwa shi kaɗai. Gaskiya ne, kuma ban ce a sauke wa kowa nauyin ta'aziyya ko dubiya ba. Amma ku lura da kyau: wanda kuke cewa ba ya shiga mutane, sau da yawa shi ne farkon zuwa jana'iza, shi ne ba ya fashin kuɗin taimakon juna, shi ne zai zo ya gyara maka takardun da suka rikice ya tafi ba tare da ya sha ruwa ba. Zumuncinsa a ƙafa yake da hannu. Zaman raba dare ana hira ne kawai ba ya iyawa.

Shi ma ɗan'uwana mai kawaici ina da magana da shi. Malam, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ƙungiya ba ta duba. Idan ba za ka iya tashi a taro ba, rubuta ka miƙa. Idan an ɗora maka abin da ya fi ƙarfinka, faɗin haka cikin ladabi ba rashin kunya ba ne. Ka kuma sani cewa son tsari yana iya zama ƙangi: ruwa zai yanke hanya da damina, yaro zai zo ba littafi saboda babu a gida, abokin aiki zai makara saboda ya kwana a asibiti. Wanda bai bar wa uzuri ƙofa ba zai wahalar da kansa ya wahalar da mutane. Mu kuma sauran mu bambance shirun hali da shirun damuwa. Wanda ya tashi da kawaici lafiyarsa ƙalau. Amma mai fara'a da ya yi tsit farat ɗaya, ya daina cin abinci, ya daina barci, wannan a matso kusa da shi, idan ta kama a raka shi ganin likita, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya nan a Birnin Kudu.

Da yake iyalanmu ma suna karanta wannan mujalla, bari in ce wa uwargida ko maigidan irin wannan malami: idan ya dawo daga makaranta ya nemi rabin sa'a shi kaɗai, ba fushi yake yi ba. A ba shi, za a same shi da sakin fuska bayan nan. A gaya masa zancen biki ko baƙi tun da sauran kwanaki. Kada a kwashe masa takardu daga inda ya ajiye su da sunan gyaran ɗaki. Malama mai wannan hali ta fi shiga tsaka mai wuya, domin bayan aji akwai girki da yara da bukukuwan dangi, kuma idan ta gaza zuwa wuni ɗaya sai a ce boko ya sa mata girman kai. Dangin miji da na gida su yi mata adalci.

Haka kuma a cikin ajinmu akwai yaran da za su girma su zama irin waɗannan mutane. Wata masaniyar ilimi a Amurka, Mary Budd Rowe, ta gano a farkon shekarun 1970 cewa malamai sukan jira kimanin daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, kuma idan aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi sukan ƙara tsawo kuma yaran da ba sa magana sukan fara shiga. Yarinyar da ke zaune shiru a layin baya wataƙila ta san amsar, tana jera ta ne a zuciya. Idan muka riƙa ba masu saurin ɗaga hannu kaɗai dama, sannan muka rubuta mata a katin sakamako cewa ba ta da kuzari, mun yi mata irin abin da ake yi wa malaminta.

Saboda haka ina roƙon shugabannin reshe su duba abubuwa huɗu. A riƙa fitar da ajandar taro kwana uku kafin ranar, domin mai tunani kafin magana ya zo da shirinsa. A karɓi ra'ayi a rubuce, a karanta shi a zauren taro da daraja ɗaya da na wanda ya tashi tsaye. Tun a 1958 wani bincike a Jami'ar Yale ya nuna cewa mutanen da suka yi tunani kowa shi kaɗai, aka tara abin da suka kawo, sun fi waɗanda suka zauna wuri ɗaya suna ta jefo magana yawan dabaru. Na uku, wakilin kowace makaranta ya zauna da kowane malami shi kaɗai sau ɗaya a zango ya tambaye shi halin da yake ciki, kada ya jira sai an kawo ƙara. Na huɗu, idan muka zauna da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumominmu biyu, mu sa batun sanarwa a rubuce, da sauyin wurin aiki a lokacin hutu, da raba aikin rajista bisa adalci, cikin abin da za a tattauna.

An kafa Ƙungiyar Malamai ta Najeriya a 1931, kuma Malam Aminu Kano ya jagoranci kafa ta malaman Arewa a ƙarshen shekarun 1940. Tarihi ya riƙe sunayen masu jawabi, kuma sun cancanta. Amma babu ƙungiyar da ta taɓa rayuwa shekara guda ba tare da wanda ke rubuta bayanin taro, da mai riƙe littafin kuɗi, da mai tuna ranar da aka yi alkawari ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuɗin ƙungiya da ake cira daga albashin mai shiru daidai yake da wanda ake cira daga na mai magana, don haka haƙƙinsu a kanmu ɗaya ne. A taro mai zuwa, kafin a rufe da addu'a, ina fatan shugaba zai ɗaga takardun da aka miƙo daga kujerun baya ya karanta su ɗaya bayan ɗaya. Allah ya ba mu ikon sauke amanar juna.